Muhawara: Aro daga kore a zuba wa shuɗi, gyara ne ko ɓarna?

Mai Kyamara: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake tsaye a kanta: idan bidiyon dare ya yi yashi-yashi, wato dattin ɗigo-ɗigo da ke fitowa in haske ya yi kaɗan, kada ka goge hoton gaba ɗaya. Ka raba shi gida uku da Splitter/Combiner, abin raba launuka da sake haɗa su a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Za ka ga dattin kusan duk a shuɗi yake. Ka dusashe shuɗin kaɗai, ko ka shiga RGB Mixer, inda ake gauraya launukan uku, ka ɗebo kore ka cike masa. Wannan ya fi kowace dabara.

Hajiya Edita: Wa alaikumus salam. Malam, "ya fi kowace dabara" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Cewa shuɗi ya fi datti, ban musa ba. A idon yawancin kyamarori, tsarin nan na Bayer, rabin ɗigogin kore suke gani, ja da shuɗi kowanne rubu'i. Ga fitilar tungsten mai 3200K, shuɗinta kaɗan ne, sai kyamara ta ɗaga shi da ƙarfi, dattin ya biyo baya. Amma sanin inda ciwo yake daban, magani daban.

Mai Kyamara: Hajiya, lissafi ne ya ba ni gaskiya. A Rec. 709, ma'aunin launi na bidiyon HD, kore ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari na haske, ja 21, shuɗi 7 kacal. In na dusashe abin da ke riƙe da kashi 7, wane kaifi na rasa?

Dattijon Launi: Kaifi kam ba ka rasa da yawa ba, ƙanena. Launi ka taɓa. Bari mu bi a hankali. Ka ce a fitowar shuɗi ka bar 0.6 na shuɗi, ka ƙara 0.4 na kore. Jimla ɗaya ce, don haka fari da toka da baƙi ba za su motsa ba, shi ya sa kake ganin komai lafiya. To amma kalli rawaya. Rawaya ja ce da kore masu yawa, shuɗi kaɗan. Da ka zuba mata kore a gurbin shuɗi, sai ta koɗe. Sararin sama kuma ya rage zurfi. Fatar mutum fa? A fata kore ya fi shuɗi yawa, saboda haka shuɗin zai hau, fuska ta karkata zuwa hoda-hoda. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ji mutumin kamar bai da lafiya.

Ɗan Koyo: Baba, to in dusashewa kawai aka yi, ba a yi aron kore ba?

Dattijon Launi: Sai ka duba gefen abubuwa. Inda farar riga ta haɗu da duhu, ja da kore sun tsaya cak, shuɗi ya malala. Rawaya ta fito a ciki, shuɗi a waje.

Hajiya Edita: Kuma akwai abin da aka manta. Yawancin fayilolin da muke aiki da su ba ja-kore-shuɗi aka ajiye ba. Haske daban, launi daban, kuma a tsarin ajiya na 4:2:0 ɗigogin launi rubu'in na haske ne. Lokacin da manhaja ke dawo da shuɗi, tana ninka bambancin launin nan sau kusan 1.86 ta ɗora kan haske. Ke nan dattin da kake gani a shuɗi, da yawansa na launi ne aka kumbura. Me zai hana ka juya nod ɗin, wato matakin gyaran da kake aiki a kai, zuwa Lab ko YUV, tsarin da ke raba haske da launi, ka kashe sashen haske, ka goge dattin sassan launi biyun kawai? Kaifi na nan, rawaya na nan.

Mai Kyamara: Na ji. Amma ku faɗa mini, in fitilar dandali ja ta ƙona sashen ja ƙurmus, fuska ta zama faranti, ina za ku samo hanci da kumatu in ba a kore ba? Lab ba zai ƙirƙiro abin da babu ba.

Dattijon Launi: A nan kam ka yi gaskiya, ni ma haka nake yi. Sai dai da taga, wato da'irar da ke keɓe gyara a wuri ɗaya, nake kewaye fuskar, ba na sake shi a kan hoton duka. Kuma ka lura, yanzu maganar ceto kake, ba maganar yashi ba.

Mai Kyamara: Dabarar dai ɗaya ce, Baba.

Hajiya Edita: Dabara ɗaya, ciwo biyu. Malam, ka saka hoton daren nan sau biyu, ɗaya da naka ɗaya da namu, ka buɗe Vectorscope, ma'aunin da ke nuna ƙarfin kowane launi. Hannun rawaya nake so ka duba, ka gaya mana inda ya tsaya.

Ɗan Koyo: A sa da bidiyo mai 8-bit ma don Allah, wato mai ƙarancin matakan launi, irinsa wayata ke ɗauka.