Ƙwayar ranar Juma'a da ɓatan wata

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce a Gwammaja, shekara biyu tana shan metotireksat saboda amosanin gaɓɓai, duk Juma'a take haɗiya. Yanzu ga ɓatan wata, gwaji ya nuna ciki. Uwar mijinta ta ce ta ci gaba da abinta, wai maganin sati-sati ba ya kaiwa ga ɗan tayi.

Hajiya Yalwa: Ai tsohuwar ta yi gaskiya. Ba da folik asid ake haɗa musu ba? Shi ne fa ake ba mu a wurin awo. Ya tare komai.

Sista Rabi: Hajiya, a gafarce ni, nan kam ban bi ki ba. Aikin maganin nan shi ne toshe wa jiki hanyar amfani da folik asid, don ƙwayoyin halitta masu saurin yaɗuwa su tsaya cak. Shi ya sa yake maganin ciwon daji, wato kansa. To me ya kai ɗan tayi saurin girma? Da allurarsa fa ake tsayar da cikin da ya zauna a bututun mahaifa. Folik asid ɗin da ake ba ta na rage gyambon baki da tashin zuciya ne, ba garkuwar jariri ba.

Hajiya Yalwa: Na masu kansa ai da yawa ake ɗura musu. Nata ɗan mitsitsi ne.

Sista Rabi: Na gaɓɓai miligiram 7.5 zuwa 25 ne a sati, kuma ko shi yana jawo ɓari da nakasar ƙoƙon kai, fuska da yatsu, musamman sati na 6 zuwa 8 da shigar ciki. Ba kowace yake taɓawa ba, wasu sun haihu lafiya lau. Amma ƙa'ida a daina shi da watanni kafin a nemi ciki, a yi tazara kafin nan.

Anti Bilki: To ta watsar da magungunan gaba ɗaya mana, a huta!

Sista Rabi: A'a Anti, ciwon in ya tashi shi ma ba ya ƙyale ciki. Haidiroksikulorokwin, wani maganin gaɓɓan, ana sha da juna biyu. Na Juma'ar za ta ajiye, ta riƙe folik asid, gobe ta kai kwalin wurin likitanta ko asibitin Malam Aminu Kano, a yi sikanin.

Maman Ilham: Yau Laraba ko? Bari in kira ta.

Hajiya Yalwa: To, uwar mijin fa, wa zai tunkare ta? Ni dai ba ni ba.