Wai amai a mota ragwanta ce?

Mai post: Jama'a ku raba ni da yayana. Jiya muna cikin mota ina baya ina latsa waya, ba a jima ba yawu ya fara taruwa a bakina, zufa mai sanyi ta keto min, kafin in ce a tsaya na kelaya amai a leda, shi kuma sai dariya wai ragwanta ce. Alhali abin daga kunne yake, can ciki akwai ruwan da ke jin motsi, shi yana gaya wa ƙwaƙwalwa tafiya ake, ido yana kan waya yana cewa a zaune ake, sai kai ya rikice. Akwai na'urar da ke maganinsa kuwa?

Na farko: Kunne kuma? Baiwar Allah zuciya ce ke tashi, ina ruwan kunne.

Na biyu: Malam ba kunnen da kake sosawa da tsinke ake nufi ba. Wanda wannan sashen nasa ya daina aiki gaba ɗaya ai ko a jirgin ruwa ba ya amai.

Na farko: To likita, ni shekara nawa ina tuƙi da kunnuwa biyu, ban taɓa yi ba.

Na biyu: Don kai ke riƙe da sitiyari, ka san kwana kafin a sha ta. Koma baya ka yi karatu mu gani.

Na uku: Anti in iPhone ce da ke, tun 2024 Apple suka sa wasu ɗige-ɗige a gefen sikirin masu motsi daidai da motar. Ni sun rage min jiri wlh. Kamfanin mota na Citroën ma sun yi tabarau mai shuɗin ruwa a cikinsa don rage jiri a 2018.

Na huɗu: An fara. Komai sai an sako iPhone, mu masu Android mu mutu kenan?

Na uku: Wa ya kira ka?

Na huɗu: Kai da cajinka ba ya kai la'asar.

Mai post: Don Allah tambaya fa na yi 😭

Admin: Na rufe comment. Abin da aka tsayar: ki ajiye waya, ki koma gaba, ki kalli hanya can nesa. Batun kunne ni bai shige ni ba, kuma a matsayina na direba ina ganin yayanki bai yi ƙarya sosai ba. Mai tallan iPhone kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe.