Lissafi na iya, amma jadawali na cinye mini lokaci a jarrabawar tantancewa

Mai Jiran Kira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

Wata biyu da suka wuce na zauna jarrabawar tantance ma'aikata ta wani kamfani, a kwamfuta ake yin ta. Sassa biyu ne suka kayar da ni. Na farko shi ne na alƙaluma, inda ake kawo jadawali ko zane, a jero tambayoyi huɗu ko biyar a ƙarƙashinsa. Tambaya 20 ce a minti 25. Ina kan ta 11 lokaci ya cika, allon ya rufe kansa. Abin da ya fi ƙona mini rai, fannin tattalin arziki na karanta, lissafin kashi cikin ɗari ba baƙona ba ne. Da na koma gida na nemi irin tambayoyin na yi su babu agogo a gabana, kusan duka na ci.

Na biyu shi ne gyaran jimlar Turanci. Za a ja layi a ƙarƙashin wani yanki na jimla, a kawo zaɓi biyar, a ce a ɗauki wanda ya fi daidai. Ni da kunne nake zaɓa, wanda ya yi mini daɗin faɗa shi nake dannawa. Sau da yawa biyu sai su yi mini daidai duka, in tsaya ina kallonsu.

Yanzu an sake kirana wata jarrabawar nan da mako shida. Yayana ya ba ni tsohon littafinsa na shirin GMAT, jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, bugun 2019. Zai yi mini amfani kuwa? Wanda ya taɓa fita daga wannan rami, don Allah ya gaya mini yadda ya yi atisayensa. Awa biyu nake samu a rana.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta bayaninki, don kamar labarina kike bayarwa. Ni ma sau biyu irin wannan jarrabawa tana mayar da ni gida kafin in gano inda gizo ke saƙa.

Littafin yayanki ki riƙe shi da kyau. Sai dai ki sani, GMAT ɗin da ke cikinsa ba ita ake yi yanzu ba. A ƙarshen 2023 hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta fito da sabon tsari, aka daina tsohon a farkon 2024. A sabon an cire gyaran jimla ɗungurungum, an cire rubutun insha'i, sannan sashen alƙaluma ya zama tambaya 20 a minti 45, makinsa kuma nauyi ɗaya da na lissafi da na harshe. Ke da kamfani zai tambaye ki gyaran jimla, tsohon bugun ne ma ya fi miki, tunda shi ke da tambayoyin da bayanin amsoshinsu. Ki dai lura, ke daƙiƙa 75 gare ki a kowace tambaya, masu zana sabuwar GMAT kuwa sun haura minti biyu.

Abin da ya cece ni wani ɗan littafi ne na rubutu. Duk tambayar da na faɗi, ba amsar daidai nake rubutawa ba, dalilin faɗuwar nake rubutawa a layi ɗaya. Bayan mako biyu na ƙirga, kurakurai 60 na tara, guda 9 ne kawai na tarawa ko rabawa. Sauran duk idona ne ya cuce ni.

Ba na manta wata tambaya. Jadawalin kuɗin shiga ne na rassa biyar, shekara huɗu. Na yi lissafina tsaf, na samu 340, na duba zaɓi na ga 340 tana zaune tana jirana, na danna. Ashe a saman jadawalin, da ƙananan haruffa cikin kusurwa, an rubuta cewa alƙaluman a dubbai suke. Amsar 340,000 ce. Waɗanda suka tsara tambayar sun san akwai mai tsallake wannan layin, shi ya sa suka ajiye masa 340 ɗin. Tun ranar na daina jin daɗi don kawai na ga amsata a cikin zaɓi.

Yanzu idan jadawali ya fito, daƙiƙa goma sha biyar na farko ba na taɓa lissafi. Ina karanta kan jadawalin, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da shekarun, da duk wani ɗan rubutu da ke ƙasa. Lambobin ciki ba na karanta su sai tambaya ta aike ni wurinsu. Ina zargin a nan minti 25 ɗinki suka tafi, kina karanta jadawali gida-gida kamar za a tambaye ki duka.

Tarkunan kuma ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa da sabuwar riga. Daga 40 zuwa 50 ƙari ne na kashi 25 cikin ɗari, amma daga 50 zuwa 40 ragi ne na kashi 20, domin kullum da lambar da aka taso daga gare ta ake rabawa. Idan riba ta tashi daga kashi 8 zuwa kashi 10, tazarar biyu ce, wadda suke kira "percentage points", amma ribar kanta ta ƙaru da kashi 25. Duka biyun za ki gan su a zaɓi. Sai matsakaici: reshe ɗaya ma'aikata 20 ne, matsakaicin makinsu 60, ɗayan ma'aikata 80, matsakaicinsu 40. Wanda yake sauri zai ce 50. Amsar 44 ce, don 1,200 da 3,200 sun ba da 4,400, a raba wa mutum 100. Haka zanen da'ira guda biyu a gefen juna: yankin kashi 30 a da'irar farko zai fi na kashi 25 a ta biyu girma a ido, amma idan ta farko jimillarta 200 ce, ta biyu 280, to 60 ne da 70.

Game da sauri, ki haddace 'yan ƙananan kason nan har su zama kamar sunanki: ɗaya bisa shida kusan 16.7, bisa bakwai 14.3, bisa takwas 12.5, bisa tara 11.1, bisa goma sha biyu 8.3. Ki kuma riƙa leƙa zaɓi kafin ki fara lissafi. Aka ce 3,847 kashi nawa ne na 11,620, zaɓi kuma 28, 33, 38, 43. Sulusin 11,620 ya ɗan haura 3,870, ke nan amsar tana dab da 33, an wuce wurin. Sai idan zaɓin sun matsu da juna, kamar 33.1 da 33.4, sannan ki zauna ki raba.

A awa biyun nan, ni da zan ba alƙaluma minti 70. Rabin farko ki yi da agogo, rabin ƙarshe ki zauna da ɗan littafinki. Gyaran jimla na bar wa waɗanda suka fi ni, don ni da kyar na tsallake shi.

Malamar Nahawu:

'Yata, kunnen nan da kike dogara da shi ba laifinsa ba ne. Ya saba da Turancin magana, jarrabawar kuma Turancin rubutu take aunawa. Shekaru ina koyar da wannan, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibaina Hausawa shi ne su daina tsoron tuntuɓar Hausarsu, don wasu dokokin tana bayyana su fiye da littafin nahawu.

Ɗauki kwatance. Za a kawo miki "The population of City A is larger than City B." Kunne zai ce lafiya lau. To faɗe ta da Hausa: yawan mutanen birnin A ya fi birnin B. Kin ji ta gurgunce ko? Bakinki da kansa zai gyara, ya ce ya fi na birnin B. Wannan ɗan "na" ɗin shi ne "that of" da suke nema. Yawan mutane ake gwadawa da yawan mutane, ba da birni ba.

Akwai kuma inda Hausa ke ruɗin mu. Mu muna cewa "ina tafiya ofis, ruwa ya sauko", kuma babu ruɗani, domin "ina" ta riga ta faɗi mai tafiyar. Bature idan ya fara da "Walking to the office," bai faɗi kowa ba tukuna, saboda haka sunan da ya biyo bayan waƙafi shi ne mai tafiyar. Idan "the rain" ne ya biyo, to ruwan sama ne ke tafiya ofis. Duk jimlar da ta buɗe haka, ki sa yatsa a kan kalmar da ke bayan waƙafi, ki tambaye ta ko ita ce ta yi aikin.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne dacewar aikau da aikatau. Da gangan suke raba su, su cusa doguwar magana a tsakani mai cike da jam'i, har ki manta cewa aikau ɗin tilo ne. Ni da fensir nake sa ɗalibai su soke duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, da duk yankin da ya fara da "of" ko "with", su karanta ƙashin jimlar kawai. Nan take za ki ga "the number of" tilo take ɗauka, "a number of" kuma jam'i. Sai jeri: idan abu biyu na farko sun ƙare da "ing", na uku ma dole ya bi sahu.

Kada ki karanta zaɓi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar labari, a nan ne kunne ke gajiya har komai ya yi daidai. Ki dube su daga sama zuwa ƙasa ki nemi inda suka rabu. Sau da yawa uku za su ce "has", biyu su ce "have". Yanke hukuncin wannan kaɗai, kin zubar da biyu ko uku. Idan biyu suka rage, kada ki ɗauki ɗaya sai kin iya faɗin laifin ɗayan da baki, ko da a zuci ne. Jimla goma a rana ta ishe ki, muddin za ki karanta bayanin zaɓin da ba daidai ba, har a tambayoyin da kika ci.

Ɗan Ƙididdiga:

Malama ta gama magana. Ni da Yaya Tsohon Ɗalibi ne nake da ɗan saɓani a kan agogo. Ina ganin makon farko kada ta sa shi sam. Wanda bai gyara yadda yake karanta jadawali ba, agogo sauri kawai zai ƙara wa kuskurensa. Ta fara da agogo mai ƙirgawa sama, ta ga minti nawa kowane jadawali ke ci, daga mako na biyu ta fara matse kanta.

Sannan 'yar'uwa, ki tambayi masu jarrabawar abu biyu tun yanzu: ana barin kalkuleta, kuma ana rage maki idan an amsa ba daidai ba? Ba duka suke ɗaya ba. GRE, wata jarrabawar shiga digiri na biyu, tana ba da kalkuleta a allo, sabuwar GMAT tana bayarwa a sashen alƙaluma amma ban da sashen lissafi, CAT, ta shiga makarantun kasuwanci a Indiya, kuma tana cire maki a tambayoyin zaɓi idan an kuskure. Idan taku ba ta ragewa, kada ki bar gida ko ɗaya babu amsa.

Tsohon Ɗalibi:

Na karɓi gyaranka, makon farko a bar agogon. Ni ma da na yi haka da ban ɓata kwana goma ina maimaita kuskure ɗaya ba.

Mai Jiran Kira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Kwana biyar ke nan da na buɗe ɗan littafin. Kurakurai 23 na rubuta a alƙaluma, 8 daga ciki da lambar ƙarshe na raba maimakon ta farko, 5 kuma layin wata shekara na karanta a madadin wadda aka tambaya. Yanzu ina ɗora takarda a ƙarƙashin layin da nake so kafin in ɗauki lamba. Jadawali mai tambaya biyar yana cin mini minti tara, ina son in sauko da shi zuwa shida kafin mako na uku. Na kuma aika musu tambayar kalkuleta, sun ce babu, amma ba sa rage maki.

Malama, jiya na ci bakwai cikin goma, kuma a tambayoyin kwatance biyu da suka fito "na" ɗin nan ne ya fitar da ni. Inda har yanzu nake tuntuɓe shi ne wakilin suna, musamman "it" da "they" idan ana maganar kamfani ko kwamiti. Littafin ya ce "it", ni kuwa bakina "they" yake kawowa, don mutanen ciki nake gani. Akwai wata dabara da kike koya wa ɗalibanki a kan wannan?