Wane littafi ya dace a karanta a gaban Sakramenti Mai Tsarki?

Rifkatu:

Salama a gare ku, 'yan'uwa a cikin Kristi. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan hanya game da sa'ar sujada a gaban Sakramenti Mai Tsarki. Na sa sunana cikin masu ɗaukar sa'a guda kowace Alhamis, domin na gaskata da zuciya ɗaya cewa Ubangiji Yesu ne da kansa yake nan cikin kamannin gurasa, amma da zarar na durƙusa na gama addu'o'in da na haddace, sai hankalina ya kama yawo, ya tafi wajen aiki da 'ya'ya da abin da na bari ban gama ba. Shin ya dace mutum ya buɗe littafi a gaban Ubangiji, ko kuwa hakan juya masa baya ne? Idan ya dace, waɗanne littattafai ne za su ƙara mini ƙauna tare da fahimta?

Malam Bulus, katikis:

Salama, 'yar'uwa Rifkatu. Ki kwantar da hankalinki, karatu a gaban Sakramenti ba rashin ladabi ba ne. Ƙa'idojin da Ikilisiya ta fitar a 1973 game da girmama Yukaristiya, wato Sakramentin Jiki da Jinin Kristi, a wajen Misa sun tanadi karatun Maganar Allah da waƙa da addu'a da lokacin shiru idan an fito da Sakramenti a kan bagade. Saboda haka littafin farko shi ne Littafi Mai Tsarki, kuma ina ba ki shawara ki fara da Yohanna sura 6, inda Yesu ya koyar a majami'ar Kafarnahum cewa shi ne gurasa mai rai, har almajirai da yawa suka ce maganar ta yi musu nauyi suka janye, Bitrus kuwa ya tsaya. Daga nan sai 1 Korintiyawa 11:23-29, da Luka 24:13-35 inda almajirai biyu suka gane shi wajen gutsuttsura gurasa, sa'an nan Yohanna sura 13 zuwa 17, wato maganganunsa na daren da aka bashe shi.

Yadda za ki karanta ya fi yawan abin da za ki karanta muhimmanci. Ki ɗauki aya uku ko huɗu, ki karanta a hankali, kuma duk inda wata kalma ta taɓa ki sai ki sa yatsa a wurin, ki rufe littafin, ki ɗaga ido ki dubi wanda ya faɗe ta, ki amsa masa.

Bayan Nassi, littafin da nake fara miƙa wa mutane shi ne na Waliyi Alfonsus Liguori a kan ziyartar Sakramenti Mafi Tsarki, wanda ya fito a 1745. Ya kasa shi ziyara 31, ɗaya ga kowace ranar wata, kowacce gajeriya ce, tana tare da addu'ar tarayya ta ruhaniya (wato marmarin karɓar Yesu a zuciya lokacin da ba a karɓi Sakramenti ba) da gaisuwa ga Uwargida Maryamu. Mai yawan hidima ma zai iya riƙe shi.

Mama Saratu:

'Yata Rifkatu, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Ban ƙi abin da Malam ya faɗa ba, amma ina so in ja kunnenki a kan abu guda, domin na ga mutane suna shigowa sujada da littattafai uku a jaka, su sunkuya a kansu tun daga farkon sa'a har ƙarshenta, su tashi su tafi ba su ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Wanda ya je gaida mahaifinsa ba ya zama a gabansa yana karanta wasiƙunsa alhali ga shi nan zaune yana jiran a yi masa magana.

Game da yawon hankali kuwa, kada ki ɗauke shi alamar cewa addu'arki ta lalace. Idan tunanin ɗanki ya zo, ki ambaci sunansa a gaban Ubangiji, ki miƙa masa shi, ki dawo. A Getsamani abin da Yesu ya roƙi almajiransa shi ne su yi tsaro tare da shi sa'a guda, bai ce su ji daɗi a ransu ba. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2715, ya kawo labarin wani manomi na ƙauyen Ars a Faransa, a zamanin Waliyi Yohanna Vianney, wanda yakan zauna a gaban tabanakul, wato akwatin da ake ajiye Sakramenti a coci, ba ya cewa komai, ya kuma bayyana addu'arsa da cewa yana duban Ubangiji, Ubangiji kuma yana dubansa.

Abin da ya taimake ni shi ne tsarin Waliyi Bitrus Yuliyan Eymard, wani Fada ɗan Faransa da ya rasu a 1868, wanda ya koyar a raba sa'ar gida huɗu: sujada, godiya, neman gafara saboda zunubanmu da na duniya, sa'an nan roƙo. Yawancinmu da roƙo muke farawa, da shi muke gamawa, shi ya sa muke saurin rasa abin faɗa.

Istifanus, ɗalibin tauhidi:

Ina gaida Mama da Malam. Da izininku zan ƙara abin da ya shafi karatun gida, domin akwai littattafan da ba na durƙuso ba ne, na zama ne da alƙalami a hannu, kuma su ne suke ciyar da sa'ar sujada daga nesa.

Yaya Rifkatu, ki karanta Katekizim daga sakin layi na 1322 zuwa 1419. A ciki za ki tarar da bayanin Waliyi Yustin Mai Shahada, wanda wajen shekara ta 155 ya rubuta wa sarkin Roma yadda Kiristoci suke taruwa ranar Lahadi, da yadda dikononi suke kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu. Ajiye Sakramenti saboda marasa lafiya da waɗanda ba sa nan shi ne tushen tabanakul, daga baya kuma bangaskiyar Ikilisiya ta kai ta ga yin sujada a gaban abin da aka ajiye. Fafaroma Urban na 4 ya kafa idin Jiki da Jinin Kristi ga dukan Ikilisiya a 1264, bayan ƙoƙarin Waliyiya Yuliyana ta birnin Liej, kuma Waliyi Toma Akwinas ne ya tsara waƙoƙin idin. Tantum ergo da muke rerawa kafin albarka baiti biyu ne na ƙarshe na waƙarsa Pange lingua. Majalisar Trent, babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, kuma a 1551 ta tabbatar da cewa ainihin gurasa da ruwan inabi suna juyewa su zama Jiki da Jinin Kristi, kamanninsu kaɗai ke saura.

Cikin rubuce-rubucen zamaninmu, wasiƙar Fafaroma Yohanna Bulus na 2 mai suna Ecclesia de Eucharistia, wadda ya sa wa hannu ranar Alhamis Mai Tsarki ta 2003, ita ce na fi so a fara da ita, domin ba ta da tsawo, kuma ana jin muryar mutumin da ya daɗe yana durƙuso. Sai Sacramentum Caritatis ta Fafaroma Benedikt na 16, ta 2007, wadda ta nuna cewa sujada ci gaban Misa ce, daga gare ta take fitowa, kuma ba ta maye gurbinta.

Rifkatu:

Na gode ƙwarai, Mama da Malam da ƙanena Istifanus. An taɓa ba ni kyautar littafin Koyi da Kristi na Toma a Kempis, amma babu wanda ya ambace shi a cikinku. Ko akwai dalili?

Malam Bulus, katikis:

Babu wani aibu a gare shi, 'yar'uwa, tun ƙarni na 15 yake ciyar da masu bi. Kashi na huɗu gaba ɗaya a kan Sakramenti yake, an tsara shi kamar zance tsakanin muryar Kristi da ta almajiri, ya kuma dace ƙwarai da shirin karɓar tarayya da godiya bayanta. Sai dai yana yawan nanata rashin cancantar ɗan Adam, kuma mai zuciya mai yawan tsoro zai iya ɗaukar hakan dalilin ƙaurace wa bagade, alhali marubucin da kansa ya gargaɗi mai karatu kada ya riƙa barin tarayya a kan ƙananan dalilai. A 1905, a zamanin Fafaroma Piyus na 10, Ikilisiya ta bayyana cewa duk wanda ba shi da babban zunubi a kansa, kuma niyyarsa tagari ce, zai iya karɓar tarayya ko da kullum ne. Mai babban zunubi ya fara zuwa wurin Fada ya furta, kowa kuma ya kiyaye azumin sa'a guda kafin karɓa, ban da ruwa da magani. Ki tafi ranar Alhamis da Littafi Mai Tsarki da littafi ɗaya kacal, Koyi da Kristi ko na Alfonsus, ki bar sauran a gida har sai kin gama shi.