Neman kalma: me za mu kira "class action" da Hausa?

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Ina da rahoto da zai fita ƙarfe takwas na daren yau, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Labarin 'yan wasa mata ne a Amurka, Riley Gaines da wasu fiye da goma, da suka maka hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA a kotun tarayya da ke Atlanta a watan Maris na 2024. Kukansu shi ne an bar Lia Thomas, mai sauya jinsi, shiga gasar ninƙaya ta mata a 2022, har da ɗakin sauya kaya. A ganinsu hakan ya saɓa wa dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sun shigar da ita a matsayin "class action". Na rubuta "ƙarar haɗin gwiwa", amma hankalina bai kwanta ba.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ƙarar taron dangi.

Maman Ikram: A'a Malam. Kowa ya ji taron dangi, abin da zai zo masa shi ne an taru an zalunci mutum ɗaya. Kin ga ke nan kin yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba.

Baba Manomi: 'Yata, kada ki yi nisa. Ƙarar gayya. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ai gayya ake kira masa. Gajeriya ce, tamu ce, tsohuwa a ƙauye ma za ta gane.

Barista: Baba, a gafarce ni, gayya ba ta ɗauko ma'anar ba. A gayya kowa da fartanyarsa yake zuwa gona. A wannan ƙarar kuwa mutum kaɗan ne ke tsayawa gaban kotu, amma da sunan duk wanda abin ya shafa, har wanda bai taɓa jin labarin ƙarar ba. Su Gaines sun ce suna magana ne da yawun sauran mata 'yan wasan jami'a. Kuma faɗa da baki bai isa ba. Ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayyar Amurka ta ce sai alƙali ya gamsu cewa mutanen sun yi yawan da ba za a iya jero su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma damuwarsu iri ɗaya ce. In ya amince, hukuncin ya hau kan kowa. A inda ake neman diyya, wanda ba ya so sai ya rubuta ya zare kansa. "Haɗin gwiwa" ma nan ta gaza, don ita ta dace ne da mutum takwas ko goma da kowa ya sa sunansa. Ni dai "ƙarar wakilci" zan ce. A kotunanmu ma ana rubuta cewa wane yana ƙara a madadin kansa da danginsa, musamman a rikicin gona.

Baba Manomi: Wakilci Larabci ne. Kullum sai mun je aro alhali rumbunmu cike yake?

Barista: To Baba, alƙali da hukunci fa? Kotu da lauya fa, daga ina suka zo?

Baba Manomi: Abin da ya kashe mu ke nan. Yaranmu sun yi boko, suna jin kunyar kalmar da ke warin ƙasa. Da Bature ne ya ce gayya, da tuni an sa ta a ƙamus.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar ta Faransanci take zo mana, "action de groupe", wadda Faransa ta shigar dokarta a 2014. Sai mu ce ƙarar rukuni. Amma na sani, in ba daga Kano kalma ta fito ba, ba a kallonta.

Bazazzagi: Wa ya kawo zancen Kano yanzu? Kowa ya san inda aka tsara rubutun boko, Zariya ce.

Ɗan Damagaram: Tsara rubutu daban, mallakar harshe daban, Malam.

Maman Ikram: Don Allah ku bari, yarinya na jiran amsa. Ƙanwata, ga wani abu da ya fi damuna. Kada ki yarda a sa miki "mata-maza" a kan Lia Thomas. Mata-maza halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, wannan kuwa wani batu ne. Ɗan daudu ma ba shi ba ne. Bar shi a "mai sauya jinsi", ki faɗi abin da masu ƙara suka ce, ki kuma faɗi cewa ƙa'idar NCAA ta wancan lokaci ta ba da damar shiga gasar. Sai a Fabrairun 2025 hukumar ta sauya ta, bayan umarnin Shugaba Trump.

'Yar Rediyo: Na gode Anti, na gyara. Barista, a ƙarshen rahoton na ambaci hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 16 ga Afrilun 2025, wanda ya ce "mace" a dokar daidaito ta 2010 na nufin wadda aka haifa mace. Ita ma wannan kalmar zan sa mata?

Barista: Kada ki sa. Ƙungiya ɗaya ce, For Women Scotland, ta ƙalubalanci gwamnatin Scotland. Hukuncin ya shafi kowa ne saboda fassarar doka ce daga kotun ƙoli, ba don an wakilci wani rukuni ba. Ki ce "ƙarar da wata ƙungiyar mata ta shigar", ya wadatar.

'Yar Rediyo: To ga abin da zan karanta: "sun shigar da ƙarar ne a madadin rukuni, wato da sunansu da na sauran matan da abin ya shafa." Daga nan sai in riƙa cewa "ƙarar rukuni".

Barista: Ba ta kai "wakilci" ba a wurina, amma da wannan bayanin a gaba ba za ta ɓatar da kowa ba.

Baba Manomi: Karanta abinki 'yata, lokaci ya ƙure. Amma ni ban janye ba. A gayya ma akwai gonar gwauruwa da ta marar lafiya, ana nome musu ba sa wurin. Barista, gobe ina jiran amsarka a kan wannan.