Wai kewar tsofaffin waƙoƙin Japan ɗin nan ta gaske ce ko YouTube ne ya ɗora mana?

Sadiq: Salam jama'a. Ni fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Tun da aka turo Plastic Love ta Mariya Takeuchi zauren nan kowa sai "wayyo ta tuna min da", dā ɗin wa? Waƙar 1984 ce, rabinmu ba a haife mu ba, ba wanda ya taɓa taka Tokyo, Japananci ko gaisuwa ba mu iya ba. Wannan kewar ta bogi ce, YouTube ne ya cusa mana, kuma kiɗan ma na Amurkawa ne aka kwaikwaya aka ɗora masa yarensu. Wanda ya ja ya fito

Kabiru: Ina bayanka a ta farko. A Japan ɗin ma lokacin da ta fito ita kaɗai a faifai ba ta yi wani tashe ba, kundin da take ciki ne, Variety, ya hau lamba ɗaya. Sai 2017 wani ya ɗora ta a YouTube ba da izini ba, kuma abin dariya hoton nan baƙi da fari da take murmushi ba ma na waƙar ba ne, na wata waƙarta ce daban, mai hoton Alan Levenson ya yi magana aka sauke bidiyon, sai daga baya aka daidaita ya dawo. Rabin mutane hoton ne ya sa suka danna wallahi

Anti Binta: Toh Kabiru abu nawa YouTube ke turo maka a rana? Nawa ka sake nema washegari? Shi dai ya kawo ta bakin ƙofa, amma ba shi ya sa mutum ya maimaita ta har caji ya ƙare ba. Ku sa abin kunne ku saurara da kyau, kiɗan na rawa ne, jitar nan mai kauri tana ta tsalle, kakaki na shigowa, amma muryarta ba ta mai murna ba ce ko kaɗan. Labarin mace ce da aka taɓa yaudara, ta ce daga yau soyayya wasa ce, tana fita rawa kullum da dare tana nuna ba ta damu ba alhali ta damu. Ita ta rubuta abinta da kanta, mijinta Tatsuro Yamashita ya tsara kiɗan. Damuwar a cikin waƙar take tun asali, ba kwamfuta ce ta zuba ba

Sadiq: Anti ai sai da kika nemo fassara kika san haka

Anti Binta: Ƙanena kafin na nemo fassarar me ya sa na nema?

Malam Nasiru: Bari in shigo ta wajen maganar kwaikwayo. Su ba su taɓa ɓoyewa ba. Yamashita kundinsa na farko shi kaɗai, Circus Town na 1976, a New York da Los Angeles ya je ya ɗauka, kuma son da yake wa ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Beach Boys sananne ne. Ita Takeuchi ta yi shekara tana karatun sakandare a Illinois. Amma aro daban, kwafi daban. Wajen 1970 an yi zazzafar gardama a can, wasu na cewa kiɗan rock ba zai yiwu da Japananci ba sai da Turanci, ƙungiyar Happy End, su Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki da Takashi Matsumoto, suka ce zai yiwu, suka fitar da Kazemachi Roman a 1971. Daga wannan taurin kan ne duk abin da kuke saurara ya samo hanya. Kuma yau wa ke aron wa? Mawaƙi The Weeknd a 2022 ya ɗauko Midnight Pretenders ta Tomoko Aran ta 1983 ya gina Out of Time a kanta

Kabiru: Shi ɗan Kanada ne fa Malam

Malam Nasiru: A kasuwar Amurka yake cin abinci ai

Hauwa: Ni matsalata da ku kuna cakuɗa abubuwa. Jiya wani ya turo Stay With Me ta Miki Matsubara yana cewa irin su Takeuchi ce masu rubuta wa kansu. Ba ita ta rubuta ba, Tetsuji Hayashi ne ya yi kiɗan, ta rera a 1979, kuma ta rasu tun 2004 ba ta ga tashen da waƙar ta yi a TikTok ƙarshen 2020 ba. Abin da ya taɓa ni a lokacin bidiyoyin nan ne da yara ke kunna wa iyayensu mata 'yan Japan ba zato, mace na tsaye a kicin tana aiki, da an kai amshi sai ka ga ta ɗago kai ta kama rerawa ba ta manta ko kalma ba. Sannan in kun tambayi ɗan Japan mai shekara 60 wa ke tuna masa ƙuruciya, da wuya ya fara da Plastic Love, Yumi Matsutoya zai ce maka ko Miyuki Nakajima, wadda ta hau lamba ɗaya a Oricon, jadawalin cinikin waƙoƙi na Japan, a shekarun 1970 da 1980 da 1990 da 2000

Sadiq: Yauwa Hauwa kin gama min aiki. Waccan matar ta kicin ita ce mai kewa ta gaskiya, ƙuruciyarta ce. Mu fa? Mun zo muna kukan mutuwar da ba mu san mamacin ba

Malam Nasiru: Sadiq iyayenka da suka haddace waƙoƙin Indiya a silima da rediyo, har yau in an sa sai jikinsu ya yi sanyi, sun je Bombay ne? Ko Indiyanci suke ji?

Sadiq: Su a zamaninsu suka ji Malam, suna tuna kansu ne. Mu shekara 40 bayan an gama biki muka iso

Anti Binta: To bari in faɗa maka, su kansu 'yan Japan ɗin na wancan lokacin ba rayuwar cikin waƙar suke yi ba. Dubi bangon A Long Vacation na Ohtaki, 1981, zanen Hiroshi Nagai, kwamin wanka shuɗi, sama tas ba gajimare, ba mutum ko ɗaya. Wanda ya saya kuwa ma'aikaci ne da ake dannawa cikin jirgin ƙasa da safe, ya maƙala Walkman, 'yar na'urar jin kaset da Sony ta fitar a 1979, a kunne yana mafarkin bakin teku da mota mai buɗaɗɗen kai. Kuɗi na yawo a ƙasar, kowa na ganin gobe ta fi yau, sai farkon shekarun 1990 tattalin arzikin ya faɗi. Kenan tun ranar da aka fitar da waƙoƙin ana begen wurin da ba a je ba, kai ne kawai ka ɗauka mu muka fara

Kabiru: Akwai ma wani abu da ke rusa maganar intanet, duk da ni na goyi bayanta ɗazu kuma ina nan a kai game da Plastic Love. Shi Yamashita yawancin waƙoƙinsa ya ƙi sa su a Spotify, amma Christmas Eve ɗinsa ta 1983 duk ƙarshen shekara sai ta dawo jadawalin Oricon, har Guinness ta ba shi shaida a 2016 kan shekara 30 a jere

Sadiq: Ita kuma tallan kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai ne ya ɗaga ta a 1988. Ka ga dai kullum akwai mai turawa, jiya talabijin yau waya

Hauwa: Kai dai ba ka da magani. Je ka saurari Hikoki-gumo, Yumi ta fitar da ita a 1973 tana shekara 19, lokacin sunanta Arai, kan wani ɗan ajinsu da ya rasu yana ƙarami, mai shirya finafinan zane Miyazaki ya rufe fim ɗinsa The Wind Rises da ita a 2013. Ba ta rawa ba ce, a hankali take, ba hoton murmushi. In ka ji ba komai ka dawo ka faɗa mana

Sadiq: Zan ji bayan isha'i, amma ko ta sa ni hawaye wannan daɗin waƙa ne, ban yarda kewa ba ce

Kabiru: Hauwa tunda kin kawo su, tsakanin Yumi da Nakajima wa ta fi iya rubutu? Ni Nakajima

Hauwa: Kabiru kar ka fara don Allah, data na ta kusa ƙarewa