Neman shawara: kafaɗar dokina tana lotsewa a Blender

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa gajeren fim na hawan sallah a Blender, manhajar ƙera hotuna masu motsi na 3D, kuma kwamfutar ta yayana ce, ya ba ni aro bisa sharaɗin in mayar masa kafin ya koma makaranta, ga shi na riga na yi wa mutanen gida alƙawarin za su kalla da sallah. Na gama ƙera dokin, na sa masa ƙwarangwal, wato ƙasusuwan da ake motsa shi da su, da hannuna, amma da zarar ya ɗaga ƙafar gaba sai kafaɗar ta lotse kamar tsohon bokiti, ƙafar baya kuma ta lanƙwashe ta inda bai kamata ba. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, ƙashin mutum ka sa wa doki. Allon kafaɗar doki ba ya haɗe da ƙirji ta hanyar ƙashi irin namu, tsoka ce take riƙe da shi, shi ya sa yake zamewa a kan haƙarƙari idan dokin ya miƙa ƙafa. Abin da kake ɗauka gwiwa a ƙafar baya kuwa idon sawu ne, gwiwar tana can sama kusa da ciki. Ka goge naka, ka ɗauko ƙwarangwal ɗin doki da ke cikin Rigify, wato kayan aikin Blender mai ɗauke da shiryayyun ƙwarangwal.

Amsa ta biyu: Ni ban ga dalilin gogewa ba, domin rabon nauyin fata a kan ƙasusuwa ne ya lalace, wato yawan jan da kowane ƙashi yake yi wa fatar idan ya motsa, kuma ana gyara shi da hannu. Haka na sha wahala da wata saniya da na yi wa wani kamfani don talla, na gyara mata har tozo, amma har yau ba su cika mini kuɗina ba.

Mai tambaya: Na gode, sai dai ba zan iya gogewa ba, saboda jela da kunnuwa suna motsi yadda nake so, Rigify kuma yana yi wa kwamfutar nauyi.

Amsa ta farko: Malam, jela ba ta sukuwa. Ka nemi hotunan da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya ɗauka a 1878 na doki a guje, ka dubi inda kowace gaɓa take lanƙwasawa, sannan ka dawo mu yi maganar nauyin fata.

Amsa ta uku: Shin ka sa wa ƙafafun IK kuwa, wato tsarin da idan ka ja kofato sauran gaɓoɓin ƙafar suke bin sa? Ni ma kofaton nawa dokin nutsewa yake yi a ƙasa.

Mai tambaya: Na sa a ƙafafun gaba. Yanzu dai zan fara gwada shawarar mai saniya.